Ruwa Ɗaya, Aiki Uku

Kowace shekara 'yan ajin ƙarshe sukan bar wa ƙannensu wani abu a cikin wannan mujalla. Waɗansu sukan bar labarin kofunan da suka ciwo a wasanni, waɗansu kuwa nasiha a kan karatu da ladabi. Mu 'yan ƙungiyar kimiyya da muke shirin sallama da makaranta a bana mun shawarta, muka ga ba abin da ya fi dacewa mu bari kamar labarin ruwa. Galibinmu 'yan Gyadi-Gyadi ne da Tarauni da Darmanawa da Unguwa Uku. Mun tashi muna jin ƙarar kurar 'yan garuwa tun da asuba, amma sai da muka kai aji biyar kafin mu san abin da Bahaushe yake nufi da ya ce ruwa abokin aiki.

Abin ya faro ne a watan Afrilu na bara, sa'ad da bazara ta tsananta. Rijiyar burtsatsen makaranta ta fara tari. In an tayar da inji sai ya jawo ruwa na ɗan lokaci, daga nan ya koma furzar da iska da laka. Famfon gari kuwa ba kullum yake zuwa ba. Ran wata Litinin, a wajen taron safe, shugaban makaranta ya tsaya ya ce, “'Ya'yana, tankar ruwa biyu muke saye kowane mako, kuma kuɗin da muka ware don littattafai ne yake tafiya a ciki. In ba a sami sauƙi ba kafin ƙarshen wata, 'yan kwana za su koma gida.” Wuri ya yi tsit. Yayyenmu na aji shida saura 'yan makonni su fara jarrabawar fita, da yawa daga cikinsu kuwa gidajensu ba a Kano suke ba.

Da muka shiga ɗakin gwaje-gwaje a ranar, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa. Wani ya ce a haƙa sabuwar rijiya, wani ya ce a rubuta wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai takarda. Malaminmu na kimiyya ya bari muka gama, sa'an nan ya ce, “Duk maganar yadda ruwa zai shigo kuke yi. Wa ya san inda yake fita? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku kuwa shekara biyar kuna cikin ɗakin nan.” Ya raba mu ƙungiya huɗu, ya ba kowace ƙungiya kwalba mai cin lita ɗaya da agogo da littafin rubutu, ya ce mu bi makaranta lungu-lungu.

Abin da muka gano ya ba mu kunya. Famfon da ke bayan kicin, wanda kowa ya san yana zuba amma ba mai kula, ya cika mana kwalba cikin minti 10. Watau lita 6 ke nan a awa ɗaya, lita 144 a yini da kwana, kusan jarka shida irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Abin da ya lalace a cikinsa kuwa 'yar roba ce da ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba. A bayan gidan malamai mun tarar da tukunyar ruwa biyu suna tsiyaya dare da rana. Babban tanki kuma, a kwanakin da ruwa yake samuwa, yakan cika har ya yi ambaliya, don ba wanda aka ɗora wa alhakin kashe inji. Wani dare muka cika tankin, muka rufe kowane famfo, muka ja layi da alli a inda ruwan ya tsaya. Da gari ya waye ya sauka da kamu guda, alhali ba wanda ya ɗeba. Baba mai gadi ne ya warware mana wannan. Ya ja mu zuwa bayan ɗakin karatu ya nuna mana wani wuri da ciyawa ta yi kore shar, ya ce, “Samari, a tsakiyar bazara kun taɓa ganin ciyawa ta tsiro don kanta?” Aka tona, sai ga bututu a fashe.

Laifin da ya fi wuyar rubutawa shi ne namu. Mu ne masu barin famfo a buɗe muna goge baki, mu ne masu wanke kwano ɗaya da ruwan da zai wanke goma, mu ne kuma masu watsar da rabin bokiti don mu ɗebo mai sanyi.

Muna cikin wannan aune-aune a bayan kicin, sai Iya, babbar mai dafa mana abinci, ta leƙo tana dariya. Ta ce, “Ku 'yan nan, da agogo da littafi kuke neman abin da kakanninku suka sani ba su je makaranta ba? A gidanmu ruwa ɗaya aiki uku yake yi kafin ya ga ƙasa.” Muka ce, “Iya, kamar yaya?” Ta ce in an surfa gero aka wanke, ƙasarin na awaki ne. Ruwan da aka ɗauraye farin kaya da shi, a ciki ake jiƙa masu duhu, in an gama kuma a yayyafa shi a tsakar gida don ya kwantar da ƙura kafin shara. Ruwan wanka kuwa hanya ake yi masa ya bi ya tafi gindin lalle ko gwanda. Ta ce wanda ya ɗauko tulu a kansa daga nesa ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan ɓarna.

Wannan magana ta Iya ita ce ta zama tushen duk abin da muka yi daga baya. Da taimakon Malam muka kasa ruwa kashi uku. Na ɗaya shi ne tsabtatacce, na sha da girki da alwala da wanke ciwo. Na biyu shi ne wanda ya yi aiki mai sauƙi, ya ɗauki sabulu da ƙura kurum, kamar ruwan wanka da na wanke hannu da na ɗauraya. Na uku shi ne mai haɗari, watau na masai da na asibiti da na masana'antu, wanda ba ya gyaruwa sai da injuna da ƙwararru. Da muka dubi makarantarmu da wannan ma'auni, sai muka ga muna ɗaukar ruwa na ɗaya, wanda aka sayo da kuɗin littattafai, muna kora bayan gida da shi, muna wanke daɓe, muna ba furanni. Na biyun kuwa gaba ɗaya kwata yake bi.

Malaminmu na labarin ƙasa ya ƙara mana haske a kan inda ruwan Kano yake fitowa. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe matatar ruwa ta farko a bakin kogin Challawa, wajen Panshekara. An kammala madatsar Tiga a 1974, a mulkin Gwamna Audu Baƙo, ta Challawa da ke Ƙaraye kuwa a 1992. Babbar matatar Tamburawa, wadda take can gaba a hanyarmu ta Zariya, an gina ta don ta iya tace lita miliyan 150 a rana. Duk da haka gari ya fi ruwan girma. Ƙaramar hukumarmu ta Tarauni kaɗai ta haura mutum 200,000 tun a ƙidayar 2006, shi ya sa kusan kowane mai hali ya koma haƙa rijiyar burtsatse a gidansa ko wurin sana'arsa. Malam ya ce a nan ne gizo yake saƙa. Ƙarƙashin birnin Kano dutse ne mai tauri, ruwan da ake samu kuwa wanda ya maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, kuma damina ce kaɗai take mayar da shi. Ga shi kududdufan da suke tare ruwan sama ya nutse ana ta cike su ana gini, filaye kuma ana shafe su da siminti. Saboda haka rijiyarmu da ta maƙwabta duk ƙwarya ɗaya suke sha. Wanda ya zurfafa tasa, ta maƙwabcinsa ce take fara tari.

Da muka fahimci haka, muka ga gyaran famfunanmu kaɗai ba zai isa ba, sai mun san abin da maƙwabta suke yi. Muka karɓi takarda daga ofishin shugaba, muka riƙa fita ran Asabar tare da Malam, daga gadar Dangi mu bi titin Gidan Zu, mu dawo ta titin Zariya, wani makon kuma mu nufi kasuwar Tarauni da titin Maiduguri.

Wurin farko da muka tsaya wajen wankin mota ne. Ruwa yana malala daga ƙarƙashin motoci ya bi lambatu kamar ƙorama. Muka gai da mai wurin, muka ce, “Alhaji, wannan ruwan da yake tafiya fa?” Ya ce, “'Yan makaranta, ai nawa ne, ni na haƙa rijiyata.” Malam ya tambaye shi abin da yake kashewa a man inji, sai fuskarsa ta sauya, ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 mai ne yake cinye ribar. Malam ya zana masa ramuka uku a ƙasa da tsinke. Ruwan wanki ya fara shiga na farko, yashi da laka su kwanta. Ya wuce na biyu ta ƙarƙashin wani shinge, mai da giris su taso sama a kwashe. A na uku ya ratsa tsakuwa da yashi, ya taru a tanki. Da wannan za a wanke tayoyi da ƙarƙashin mota da jiƙon farko, sabon ruwa kuwa sai a ɗaurayar ƙarshe. Alhajin ya daɗe yana kallon zanen, ya ce siminti ya yi tsada, amma zai yi tunani. Har muka rubuta wannan bai gina ba, sai dai ya sa wa bututunsa kan da yake rufe kansa in an saki, ya kuma hana yaransa barin ruwa yana zuba suna goge gilashi.

A wajen wani mai wanki da guga kuwa mu aka koya wa karatu. Shi sayen ruwa yake yi daga 'yan garuwa, don haka baho huɗu ya jera. Kaya suna tafiya daga hagu zuwa dama, ruwa kuwa yana dawowa daga dama zuwa hagu, watau ruwan ɗaurayar ƙarshe ya zama na ɗaurayar farko, wannan kuma ya zama na wanki. Malam ya gaya masa cewa manyan masaƙu da kamfanonin lemo na duniya da wannan dabara suke rage ruwan da suke sha. Ya yi murmushi ya ce, “Malam, ni dai jarka nake ƙirgawa.”

Abin da ya fi tsaya mana a rai mun gan shi ne a wani layi inda gidan fiya wata da wurin buga bulo suke kusa da juna. Injin tacewa irin na gidan yakan raba ruwa biyu, wani kashi ya shiga leda, wani kuma ya fita ta baya ɗauke da gishirin da aka tace. Wannan na bayan ba shi da ƙazanta, ya isa wanke daɓe da motoci da kora bayan gida, in an gwada shi kuma an ga gishirinsa bai yi yawa ba ya isa ban-ruwan bulo. Amma kwata yake bi, mai bulo kuwa yana sayen tanka. Tsakaninsu bai wuce tsawon bututu biyu ko uku ba. Haka nan ruwan alwala a masallatai, da na wanke hannu a majami'u da makarantu da gidajen abinci, kusan tas yake, ga itatuwan bakin titi suna bushewa a bazara. Wani limami da muka yi wa wannan magana ya sa an haƙa 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin darbejiya uku da ke ƙofar masallacin, aikin bai ɗauki yini ɗaya ba.

Muka dawo makaranta da zafinmu, a nan kuwa muka yi kuskuren da muke so ƙannenmu su sani. Mun ja bututu daga kicin kai tsaye zuwa lambun ƙungiyar manoma, ragowar kuma muka tara a duro muka rufe. Kafin mako biyu maiƙo ya toshe fuskar ƙasa, shukar ta yi rawaya, ruwa ya kwanta, sauro da ƙuda suka samu gida. Ruwan duron kuwa ya yi ɗoyin da ya sa uwar ɗakin kwana ta kai ƙararmu. Muka sha faɗa, kuma mun cancanci faɗan. Malam bai ce a daina ba. Ya kawo mana bayani daga ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 a kan amfani da irin wannan ruwa, muka sake shiri. Muka cire ruwan kicin daga lissafi, sai wanda aka wanke ganye da hatsi da shi. Muka ɗauki na wanka da na wanke hannu, ya fara kwantawa a duro ɗaya, ya ratsa na biyu mai tsakuwa da yashi da gawayi. Dokarmu ita ce ba ya kwana. Wani a ɗiba da bokiti a kora bayan gida, sauran ya bi ta cikin rami mai cike da busasshen ganye zuwa saiwar ayaba da gwanda da zogale. Ba ma zuba shi a kan latas ko wani ganye da ake ci ɗanye, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya wanke hannu da sabulu.

Kafin ƙarshen watan, sayen tanka ya koma ɗaya a mako, 'yan kwana ba su tafi gida ba, yayyenmu suka rubuta jarrabawarsu. Gaskiya ɗaya ce, yawancin sauƙin daga gyaran bututu da famfuna ya zo, durorinmu ƙari ne kawai. Wannan ma darasi ne: a fara toshe yoyo kafin a yi maganar sabon inji. Da damina ta sauka kuma muka yi wani lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufin babban ɗakin taronmu mita 30 ne da mita 10. In aka ce ruwan shekara ya kai milimita 800, lita 240,000 ke nan suke sauka ta indararonsa, jarka 9,600. Ba mu da tankin da zai ɗauki wannan duka, amma an sa guda biyu, ana barin ruwan farko ya wanke rufi ya zube kafin a tara. Duk mai wucewa ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ko manyan kantunan titin Gidan Zu, ya dubi faɗin rufinsu ya yi irin wannan lissafi da kansa.

A zangon da ya biyo baya makaranta ta kai mu ziyara marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Wani dattijo ya nuna mana yadda ake haɗa baba da toka a rami, ruwan ya yi watanni yana aiki. In ya mutu ba a zubar da laƙar da ta kwanta a ƙasa. Ana kwashe ta a shanya, a ƙone, ta zama katsi. Magina na dā sukan haɗa katsi da gashin jima da majema suka kankare daga fata, da kuma dafara, su yi laso, wanda ake shafe soro da ramin rini da shi don kada ruwa ya ratsa. Watau sharar marini da sharar majemi su ne simintin magini. Ashe abin da muke koyo a littafin Turanci da sabon suna, birninmu ya daɗe da saninsa.

Masana'antun zamani ba su gaji wannan hali duka ba. Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku, Bompai da Sharaɗa da Challawa, kuma jimar fata tana cikin sana'o'in da suka fi shan ruwa. Ta tsohuwar hanya tan ɗaya na ɗanyar fata yakan ci fiye da lita 30,000, ruwan kuma ya fito ɗauke da gishiri da farar ƙasa da sinadarin kuromiyam. Ruwan da yake fita daga Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai a Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa. A bakin waɗannan rafuka akwai manoman rani da suka daɗe suna ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da karas da wannan ruwa, domin shi ne ba ya ƙafewa. Masu bincike na jami'o'inmu sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, suna samun ƙarafa masu cutarwa a ciki. Ganyen kuwa kasuwanninmu yake dawowa. Da muka ji haka sai jikinmu ya yi sanyi, don mun gane cewa a Kano an riga an daɗe ana sake amfani da ruwa. Abin da ya rage shi ne a tace shi kafin ya isa ga manomi, tun da manomin ba shi ya ɓata shi ba, kuma hana shi noma hana iyalinsa abinci ne.

Doka ba ta yi shiru ba. Bayan da aka jibge shara mai guba a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli, a 1991 kuma aka wajabta wa masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, ta kuma fitar da ƙa'idoji na musamman a kan masaƙu da kamfanonin fata a 2009. Dabarar ma sananniya ce. Ana iya tara ruwan jima a wuri dabam, a zuba masa sinadarin da zai sa kuromiyam ya kwanta, a narkar da shi a mayar cikin jima ta gaba. Mai kamfani ya rage sayen sinadari, rafi kuma ya huta. Katsi ke nan na zamani.

Wasu ƙasashe sun yi nisa a wannan hanya. Birnin Windhuk na Namibiya tun 1968 yake tace ruwan da gari ya yi amfani da shi ya mayar da shi famfo ana sha. A Durban ta Afirka ta Kudu an buɗe wata matata a 2001 da ta riƙa sayar wa masana'antar takarda da matatar mai ruwan da aka sake tacewa, ruwan sha ya rage wa unguwanni. Singafo ta fara raba nata, mai suna NEWater, a 2003, kuma masana'antun kayan lantarki ne manyan masu sayensa. Birnin Kef Tawun kuwa sai da fari ya kai shi ga ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana a 2018, jarka biyu ke nan, a lokacin ne otal-otal da ofisoshi suka koyi abin da Iya ta sani. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mun san akwai masu ƙyamar abin, a cikinmu ma an samu. Wani abokinmu ya ce shi ba zai ci gwandar da aka shayar da ruwan wanka ba, sai Baba mai gadi ya tambaye shi ko ya san abin da ake zuba wa gona a matsayin taki. Ta fuskar tsarki kuma, majalisar manyan malamai ta Saudiyya ta ba da fatawa a 1978 cewa ruwan da aka tace sosai, har launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suka koma na asali, ya tsarkaka. Amma kada wani ya fahimce mu a karkace. Duron yashi da gawayi ba ya mayar da ruwa abin sha ko na alwala, kuma ruwa na uku ba wasan ɗalibai ba ne. Abin da muke kira gare shi mai sauƙi ne, kowane aiki a ba shi ruwan da ya dace da shi.

To, ƙannenmu, ga abin da muka bar muku. Littafin awon tanki yana ofishin Malam, a ci gaba da jan layin alli sau ɗaya a mako. Robobin famfo suna cikin gwangwani a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ya ga yoyo kada ya jira a yi taro. Yashin duro na biyu a wanke shi ko a sauya duk wata, indararo kuma a share kafin ruwan farko. Mai bulo da mai fiya wata har yanzu ba su haɗa bututun nan ba, ku koma ku gaishe su. Da yawa daga cikinku wata rana ku ne za ku riƙe asibitoci da otal-otal da kamfanonin wannan gari. In kun zauna a kujerar, ku tambayi ma'aikatanku lita nawa take shigowa, ina kuma take fita, domin kogin da ya bar Kano sai ya ratsa Haɗeja da Nguru kafin ya nufi tafkin Chadi, kuma duk mutane ne suke jiransa.

Muna godiya ga shugaban makaranta da ya ba mu dama, da malamanmu da suka jure wa kurakuranmu, da uwar ɗakin kwana da ta yafe mana ɗoyin duro, da Baba mai gadi, da Iya wadda ta ba mu kan wannan rubutu. Ayabar da ke bayan ɗakin wanka ta fitar da kai biyu, ba za su nuna ba sai bayan mun tafi. In kun yanka, ku fara kai wa Iya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sada mu da alheri.